TARIN DARE: UWA, KE CE SHAIDA

Uwargida, saurara! Yaronki yana yini lafiya lau, dare ya raba ya tashi da tari? Wataƙila asma ce. Hanyoyin iska na huhunsa ne ke kumbura su tsuke, abin kuma ya fi tsanani tsakanin tsakar dare da asuba. Kafin ki iso asibiti da hantsi ƙirji ya sake, malamin asibiti ya saurara bai ji kome ba. Sai abin da kika faɗa masa.

ALAMOMI 4

1. Busasshen tari da dare ko da asuba, yana tafiya yana dawowa.
2. Ƙirji yana ƙara kamar fito in zai fitar da numfashi.
3. Yaro ya kasa kwanciya, sai a zaune.
4. Babu zazzaɓi, sai in mura ta haɗu.

ABIN DA ZA KI YI

Duk daren da tari ya tashe shi, jefa gyaɗa ɗaya a ƙoƙo. Bayan mako 2 ki ƙirga, ki zo mana da lissafin. Faɗa mana: akwai mai asma a dangi? Ya fi tashi da hunturu, ko ran da aka yi sussuka da shiƙa? Kuna kwana da kaskon wuta ko maganin sauro mai hayaƙi a ɗaki?

KADA A RUƊE

Asma daban, tarin fuka daban. Asma ba a ɗaukarta. Tarin da ya wuce mako 2, ga rama, ga zazzaɓi da gumin dare, sai an yi gwajin tibi. Cire beli ko tsaga ba sa buɗe huhu. Maganin shaƙawa irin su salbutamol shi ke buɗe hanyar iska cikin 'yan mintoci. Akwai kuma na kullum mai hana ta tashi.

KADA KI JIRA GARI YA WAYE

In haƙarƙari yana lotsawa, ko yaro ya kasa magana ko shan nono, ko leɓɓansa sun yi shuɗi, tashi maigida. A kai shi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Bichi ko na Dambatta, a daren nan.

Asma ba ta hana yaro makaranta ko gona in an gane ta da wuri. Lafiya uwar jiki!

Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano