Darasi Daga Mashigin Tekun Minamata

Mashigin teku shi ne wurin da ruwan teku ya kutsa cikin ƙasa ya kwanta. Da yake ruwansa ba ya gudu sosai, kifi yakan taru a wurin, jiragen ruwa kuma su sami matsaya, masana'antu su kafu a bakinsa. Amma kuma saboda wannan kwanciyar ruwa, duk dattin da aka zuba masa yakan nutse cikin laka ya daɗe.

Abin da Ya Faru

Minamata gari ne na masunta a kudancin ƙasar Japan. A shekarar 1932 ma'aikatar kamfanin Chisso da ke garin ta fara yin wani sinadari wanda ake amfani da zaiba wajen haɗa shi, tana kuwa sakin ruwan dattinta cikin mashigin. Ƙananan halittun ruwa suka sha gubar, ƙananan kifaye suka ci su, manya suka ci ƙanana. A kowane mataki gubar tana ƙara taruwa, har ta kai ga tukunyar masunci.

Alamu sun bayyana tun da wuri. An ga matattun kifaye suna yawo a kan ruwa, hankaki suna faɗowa daga sama, kyanwoyi suna tangaɗi kamar masu farfaɗiya, wasu har su faɗa teku. Ba a ɗauki wannan da muhimmanci ba sai ran 1 ga Mayu, 1956, da likitoci suka ba da rahoton wata baƙuwar cuta mai kama ƙwaƙwalwa. Masu ita sukan ji hannu da ƙafa sun mutu, harshe ya yi nauyi, gani da ji su ragu. An kuma haifi jarirai da ita.

A 1959 masana na Jami'ar Kumamoto suka nuna zaiba ce sanadi, bayan sun sami kimanin kilo 2 nata a cikin kowane tan na lakar bakin magudanar ma'aikatar. Duk da haka ba a daina wannan aiki ba sai 1968, watau shekara 12 bayan gano cutar. Ya zuwa 2001 hukuma ta tabbatar da mutum 2,265 da suka kamu, 1,784 daga cikinsu sun riga sun rasu. Aikin kwashe gurɓatacciyar laka ya ɗauki daga 1977 zuwa 1990, ba a kuwa cire ragar da ta tsare kifin mashigin ba sai 1997.

Yadda Ake Sa Ido

Na farko, kafin a kafa masana'anta a auna ruwa da laka da kifin wurin, a rubuta, domin a sami abin kwatantawa nan gaba.

Na biyu, a riƙa ɗiban ruwa daga bakin magudana a kai a kai, rani da damina, ba tare da an sanar da masu ma'aikata ba.

Na uku, kada a tsaya ga ruwa kaɗai. Ruwa yana iya zama garau, alhali guba tana cikin laka da naman kifi. Gashin kan mutum ma yakan nuna yawan zaibar da ta shiga jikinsa.

Na huɗu, mai awo ya zama ba ya ƙarƙashin mai ma'aikata, sakamakon kuma a bayyana shi ga jama'a, a yi aiki da shi nan da nan.

Abin da Ya Shafi Nijeriya

Magudanan unguwannin masana'antu kamar Ikeja da Apapa suna ƙarewa ne a ruwan Legas, inda masunta da yawa suke neman abinci. Dokar Soja mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin dokokin muhalli. Har wa yau, a 2018 Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata ta 2013 a kan zaiba.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Masunci yakan riga jami'i ganin canji. Saboda haka duk wanda ya ga kifi yana mutuwa, ko ruwa ya sake launi ko wari, ya sanar da mai unguwa da ofishin muhalli mafi kusa, a kuma dakatar da cin kifin wurin sai an gwada shi.