Allon DNA da Ƙwayar HIV: Me Ya Sa Magani Ke Daina Aiki?

Mutum ya yi shekara uku yana shan maganin HIV, jiki ya murmure, ya koma kasuwa, sai sakamakon gwaji ya fito cewa ƙwayar da ke jininsa ta haura 1,000 a kowace mililita. Mu da ke aiki a ɗakin gwajin jini mun san tambayar da ke biyo baya: "To Malam, maganin ne ya lalace, ko jabu aka ba ni?" Sau da yawa maganin lafiyarsa ƙalau. Ƙwayar ce ta sauya, kuma akwai hanyar gane inda ta sauya.

Duk tsarin halittar HIV a rubuce yake cikin jerin haruffa kusan 9,700, kuma haruffan iri huɗu ne kacal suke maimaituwa. Idan ƙwayar za ta hayayyafa sai ta kwafi wannan rubutu, amma sinadarin da ke yi mata kwafin ba ya komawa ya duba abin da ya rubuta, don haka kuskure ba ya ƙarewa. A jikin wanda ba ya shan magani, ƙwayoyi kusan biliyan 10 ake samarwa kowace rana. Yawancin kurakuran ba sa amfana mata komai, wasu ma kashe ta suke yi. Amma ana samun wanda ke kare ta daga magani. Sauyin harafi ɗaya tak, wanda muke rubutawa M184V, ya isa ya karya ƙarfin maganin lamivudine. Wani kuma, K103N, yana kawar da tasirin magungunan efavirenz da nevirapine gaba ɗaya. Muddin magani ya cika jini, ƙwayar ba ta samun sararin hayayyafa balle ta yi dace da irin wannan kuskure. Sararin yana samuwa ne wurin direban da ya yi tafiyar mako ya bar kwalbar a gida, ko matar da ke ɓoye tata don kada kishiya ta gani, ta sha yau ta tsallake gobe da jibi.

Ga yadda ɗaya daga cikin hanyoyin gane irin wannan sauyi ta samo asali. A farkon shekarun 1990 wani masani mai suna Stephen Fodor da abokan aikinsa a Kalifoniya ta Amurka suka aro dabarar da ake ƙera sassan kwamfuta da haske, suka riƙa dasa gajerun zaren DNA a kan ɗan allon gilashi. Kamfanin Affymetrix ya fito daga wannan aiki, kuma a 1996 aka wallafa binciken da ya nuna an karanta wani sashen ƙwayar HIV da irin wannan allo.

Allon bai fi girman farcen babban yatsa ba, amma an raba fuskarsa gida-gida har dubbai, kowane gida da nasa zaren da aka san haruffansa. Ana ɗibar jini, a ware ruwansa, a ciro rubutun ƙwayar, a ninka sashen da magunguna ke kai wa hari, a shafa masa sinadari mai ƙyalli, a daddatsa shi, sannan a zuba a kan allon. Ƙa'idar DNA ita ce A ba ta kama kowa sai T, C kuma sai G. Saboda haka kowane gutsure zai je ya manne ne a gidan da ya dace da shi. Ga kowane gurbi a rubutun ƙwayar an tanadi gidaje huɗu da ba su bambanta ba sai a harafin tsakiya. Bayan an wanke abin da bai kama ba, na'ura ta haska allon; gidan da ya fi ƙyalli cikin huɗun shi ne harafin da ke jikin ƙwayar mara lafiyar. Kwamfuta ta tattara, likita ya ga ko akwai M184V ko babu. A wancan zamani wannan abin mamaki ne, kuma ni har yanzu ina ganin dabarar a matsayin ɗaya daga cikin mafi kyau da aka taɓa yi a fanninmu.

Sai dai allon ba ya ganin abin da ba a dasa masa ba. An tsara shi ne da rubutun nau'in HIV da ake kira B, wanda ya fi yawa a Amurka da Yammacin Turai. Da masu bincike suka gwada shi da sauran nau'o'i a 1999, sai ingancin karatunsa ya faɗi, saboda haruffan da ke kewaye da gurbin sun bambanta, guntayen ba sa mannewa yadda ya kamata. Idan kuma ƙwayar ta cusa ƙarin haruffa a tsakiyar rubutunta, allon ba ya lura. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin nau'o'in da suka fi yawa a Najeriya su ne G da CRF02_AG, wanda samfurinsa na farko da aka bayyana daga Ibadan ya fito. Riga ce da aka ɗinka da awon wani. Duk lokacin da aka kawo mana sabuwar na'ura ana yabonta, abin da nake fara tambaya shi ne da jinin su wa aka gwada ta.

Yau an fi dogara da na'urorin da ke karanta rubutun ƙwayar harafi bayan harafi ba tare da zato ba. Suna da tsada, kuma manyan cibiyoyi ƙalilan ne ke da su, irin Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Yaba a Legas. Ba kowa ake yi wa wannan gwaji ba. Ana ajiye shi ne ga wanda magani ya gaza masa bayan an riga an sauya masa shi.

Abin da ke kusa da kowa shi ne gwajin adadin ƙwayar a jini: bayan wata 6 da fara magani, bayan wata 12, sannan sau ɗaya kowace shekara. Idan ya haura 1,000, ana zama da kai a gano abin da ke hana ka shan magani kan lokaci, a sake gwadawa bayan wata 3, kafin a yi maganar sauyi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maganin dolutegravir a gaba, bayan ta gano cewa a ƙasashe 12 cikin 18 da aka bincika, fiye da mutum 1 cikin 10 na masu fara magani sun zo da ƙwayar da ta riga ta bijire wa irin su efavirenz. Dolutegravir ya fi wuyar kayarwa, amma shi ma wasa da shi zai iya kashe masa kaifi, kuma magungunan da ke bayansa kaɗan ne.

'Yan uwa, idan kun tsallake magani ku faɗa wa ma'aikacin asibiti gaskiya, ba zai kore ku ba. Ku saka kwalbar a jaka kafin kayan sawa idan tafiya ta kama, kuma ku tambayi ranar gwajin jininku na gaba kafin ku bar asibiti.