Abin Da Ke Hana Man Inji Barci

Duk wanda ya taɓa ajiye man shanu da hunturu ya san yadda ya kan kwana a daskare, sa'an nan rana na ɗagawa ya narke ya koma ruwa. To, man da a ke zuba wa injin mota, wanda direbobi ke kira baƙin mai, shi ma halinsa ke nan: sanyi ya kan sa shi kauri, zafi kuwa ya tsinka shi. Idan ya yi kauri da yawa, famfo ba ya iya tura shi zuwa ga ƙarafan inji. Idan ya tsinke, sai ya zame daga tsakaninsu, su yi ta cin juna.

Maganin da masana su ka samo shi ne folima, watau wani sinadari mai ƙwayoyi dogaye kamar zare. Su kan ɗauki mai marar kauri, wanda ke gudu ko da sanyi, su zuba masa folima kaɗan. Waɗansu irin zaren nan su kan dunƙule kamar bushiya lokacin sanyi, in zafi ya zo su warware su tare wa mai hanya. Amma kada a ji wannan a ce zafi na ƙara wa man kauri. A'a, ya na tsinkewa dai, sai dai bai kai yadda zai yi ba in da babu folima. Ma'anar lambobin da ku ke gani a jikin galan ke nan, kamar 10W-40. Ta farko ta na faɗin halin man cikin sanyi, ta biyu kuwa kaurinsa a zafin digiri 100.

Akwai wata matsala dabam. Man da a ka tace daga ɗanyen mai ba ya rasa ɗan kaki, ɗan'uwan wanda a ke yin kyandir da shi. In sanyi ya tsananta, kakin ya kan fito falle-falle, su sarƙe da juna kamar raga, su riƙe man. Tun 1931 a ka fara sayar da maganin wannan a Amurka, mai suna Paraflow. Irin wannan magani ba ya hana kaki fitowa. Ya kan manne masa ne ya na cikin girma, ya sa shi fita ƙanana, yadda ba za su iya sarƙewa ba.

A ganina wannan aiki na biyu ya fi na farko wuyar sha'ani. A hunturun 1980 zuwa 1981, injuna da dama su ka lalace a Sioux Falls ta Amurka, alhali man da ke cikinsu ya ci gwajin zamaninsa. Da a ka bincika, sai a ka gane sanyin a hankali ya sauko cikin dare, kakin ya sami sukunin sarƙewa, da safe famfo ya yi ta zuƙar iska. Bayan haka ne a ka canja gwajin, a ke sanyaya mai sannu a hankali, har wajen kwana biyu, kafin a auna shi.

Ku kuma da ke Njamena ko Jidda, ba sanyi ne abin tsoronku ba. Zaren folima ya kan tsittsinke tsakanin ƙarafa masu gudu, mai ya rasa kaurin da a ka saye shi dominsa. Sabo da haka in lokacin juye ya yi, kada a ƙara masa mako.