Ratar da ke Tsakanin Sassan Mota: Darasi daga Motar Haɗa-da-Kanka

A shekarar 1957 kamfanin Lotus na ƙasar Ingila, wanda injiniya Colin Chapman ya kafa, ya fitar da wata ƙaramar mota mai suna Lotus Seven. Ana iya sayen ta a warwatse cikin akwatuna, mai ita ya je gida ya harhaɗa da hannunsa. A wancan zamani harajin saye da ake ɗora wa sabuwar mota a Birtaniya bai shafi wadda aka saya guntu-guntu ba, don haka ta fi araha. A 1973 aka sauya tsarin harajin, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Caterham ya sayi izinin ci gaba da ƙera motar. Har yanzu akwai masu harhaɗa irin waɗannan motoci a garejin gidajensu.

Babban abin da mai wannan aiki yake koya shi ne, shigar ƙarfe gurbinsa ba ita ce ke nuna ya zauna daidai ba. Dole a bar rata tsakaninsa da maƙwabtansa. Ratar da aka gani lokacin da mota ke tsaye da inji a sanyaye kuwa, ba ita ce za a samu a kan hanya ba. Abubuwa uku ne ke cinye ta.

Na farko: taruwar kuskure

Babu masana'antar da ke iya yanka ƙarfe ba tare da ɗan ƙari ko ragi ba. Saboda haka akan rubuta wa kowane sashe iyakar kuskuren da aka yarda da shi. A ce an jera sassa 5, kowanne an yarda ya ɗara ko ya gaza da milimita 0.5. Idan aka yi rashin sa'a duk suka ɗara, jimlar kuskuren ta zama milimita 2.5, wanda ya isa ya hana noti shiga raminsa. Matsalar ta fi tsanani a motar haɗa-da-kanka, domin sau da yawa inji da giya da birki daga wata tsohuwar mota ake ciro su, kamar Ford Sierra ko Mazda MX-5, alhali gangar jikin wani kamfani dabam ne ya yi ta. Wannan ne ya sa ake fara yin haɗin gwaji: a ɗora kowane sashe, a ɗaura notuna sako-sako, a duba, a kwance, kafin a huda rami ko a shafa fenti.

Na biyu: motsi

Inji yana zaune ne a kan ƙafafun roba, kuma yakan karkata gefe guda idan aka taka totur. To, yaya za a auna ratar da ke tsakaninsa da murfinsa, tun da ido ba ya gani bayan an rufe? Akan ɗora 'yan dunƙulen yumɓu a kan wuraren da suka fi tudu, a rufe murfin a hankali, a buɗe, sannan a auna kaurin yumɓun da ya baje. Wannan kauri shi ne ratar.

Taya ma tana hawa da sauka, tana kuma juyawa dama da hagu. Don gwada ta, sai a ɗaga motar a kan tsayayyun ƙarafa, a cire sifirin, a tura tayar sama da jak har iyakarta, sannan a murza sitiyari zuwa ƙarshen kowane ɓangare. A kowane matsayi a tabbata tayar ba ta gogar jikin mota, kuma tiyon birki bai miƙe tsam ba, bai kuma taɓa komi ba. Tiyon da ke goguwa kullum wata rana zai huje, man birki ya tsiyaye.

Na uku: zafi

Ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya ɗauki zafi. Mita ɗaya na baƙin ƙarfe yana ƙaruwa da kimanin milimita 0.012 a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Selshiyas, na alminiyam kuwa da kimanin 0.023, wato kusan ninki biyu. Alal misali, bututun salansa mai tsawon mita ɗaya, idan zafinsa ya hau da digiri 500, ƙarinsa shi ne 0.012 × 500, wato milimita 6. Wanda ya bar ratar milimita 4 a ƙarshen bututun ya riga ya yi asara.

Bugu da ƙari, zafi yana tsallaka rata ko da ƙarafa ba su haɗu ba. Man birki nau'in DOT 4, ƙa'idarsa ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, amma idan ya sha danshi adadin na iya sauka zuwa wajen 155. In bututunsa ya bi kusa da salansa har man ya tafasa, tururi zai taru a ciki. Tururi yana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, don haka direba zai taka birki ƙafarsa ta tafi ƙasa motar ba ta tsaya ba.

Rata mai yawa ma illa ce

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa yawan rata shi ne alheri a ko'ina. A cikin inji, tsakanin sandar da ke juyawa da mazauninta, ratar akasari ba ta wuce kaurin silin gashi, wato ƙasa da milimita 0.1. Idan ta yi kaɗan, mai ba zai shiga ba, ƙarafan su ƙone su cije. Idan ta yi yawa, matsin mai ya faɗi, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Ana auna ta da wani siririn zaren roba da ake sa wa a tsakani, a ɗaure, a kwance, a gwada faɗin da ya baje.

A Birtaniya, kafin a yi wa irin wannan mota rajista sai ta ci jarrabawar hukuma da ake kira IVA. A cikinta jami'i yakan bi jikin motar da ƙwallo mai faɗin milimita 100, kuma gefen da ƙwallon ya taɓa dole ya zama an dakusar da kaifinsa, don kare masu tafiya a ƙasa.

Aikin aji

Malami na iya nuna wannan darasi da ƙofar aji. A manna ɗan yumɓu a jikin dogaran ƙofa, a rufe, a buɗe, ɗalibai su auna ratar. In ƙofar katako ce, a maimaita awon da rani da kuma damina, a kwatanta, domin danshi yana kumbura itace kamar yadda zafi ke miƙa ƙarfe. Daga nan ɗalibai su lissafa wannan: sandar alminiyam mai tsawon milimita 600 ta ɗauki ƙarin zafi na digiri 100. Da milimita nawa za ta ƙaru, kuma ratar milimita ɗaya za ta wadatar? Hausawa dai sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.