Darasi: Lissafin Albashin Ma'aikatan Gona Kafin 31 ga Janairu

 Yau ba maganar abinci ko rigakafi za mu yi ba, maganar ma'aikata ce.

Shekarar da na fara kiwo, buhun abinci nawa ya shiga, kaza nawa ta mutu, duk na rubuta. Amma albashin yaran gona a hannu nake miƙawa, ba rubutu. Da na je neman rance don ƙara tankunan tarwaɗa, aka ce in kawo shaidar albashi da ta haraji, sai na tsaya ina zare ido. Haka damar ta wuce ni.

To ga abin da ya kamata ka sani. Da zarar ka ɗauki mutum aiki kana biyansa duk wata, doka ta ɗora maka nauyi biyu.

Na farko, cire haraji daga albashin wanda ya kai a cire masa, wato PAYE, ka tura kafin 10 ga watan da ke biye. Kuɗin na hukumar haraji ta jihar da ma'aikacin ke zaune ne, misali KIRS a Kano.

Na biyu, kafin 31 ga Janairu ka miƙa wa hukumar bayanin shekarar da ta wuce: sunan kowane ma'aikaci, lambar harajinsa, jimillar abin da ka biya shi, da abin da ka cire. Rashin miƙawa akwai tara.

Wani zai ce, "Ai yarana albashinsu bai kai ba." Bari mu lissafa. A sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, N800,000 na farko a shekara ba haraji a kai. Mai ba kaji abinci da ke karɓar N60,000 a wata yana da N720,000 a shekara, ba za a cire masa komai ba. Amma manajan gona mai N150,000 a wata yana da N1,800,000. Ka fitar da N800,000, saura miliyan ɗaya, kashi 15 cikin 100 nata N150,000 ke nan, wato N12,500 duk wata, kafin a yi masa rangwamen fansho ko kuɗin haya. Shi ma wanda ba a cire wa komai ba, ka sa sunansa a lissafin.

Sannan ba tsabar kuɗi kaɗai ake dubawa ba. Goron sallah, alawus, da ɗakin da ka ba mutum a gona, duk ka rubuta su, ka nuna wa jami'in haraji.

Idan gona ta girma har ma'aikata suka kai 15, fansho ya zama dole: kai kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Akwai kuma kashi 1 na jimillar albashi da ake biya wa NSITF, saboda diyya idan wani ya ji rauni a bakin aiki.

Shawarata: ka sayi littafi guda na albashi kawai. Duk wanda ka biya ya sa hannu, ko ka tura masa ta banki. Ka adana rasit. Disamba na shiga ka zauna ka tattara, kada ka bari sai ƙarshen Janairu.

Mutum nawa ke aiki a gonarka, kuma ta yaya kake biyansu? Ku faɗa mana a ƙasa. Allah Ya sa albarka a kiwonmu.