Haƙuri da Ciwon Zuci: Nazari a kan 'Yan Mata Baƙar Fata a Makarantun Amurka

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," wato akwai abin da ya kamata mutum ya haɗiye, ya yi shiru. Haka kuma a laccarsa a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa haƙuri cikin halayen da Hausawa ke auna mutum da su. Babu mai musun darajar haƙuri. Sai dai abin da aka haɗiye yana nan zaune a ciki. Wannan maƙala za ta duba abin da irin wannan haɗiya ta haifar a zukatan wasu 'yan mata baƙar fata, waɗanda aka fara shigarwa makarantun Turawa a kudancin Amurka.

2.0 Tushen Al'amari

Kafin 1954, dokokin jihohin kudancin Amurka sun raba makarantu, na Turawa daban, na baƙar fata daban. A shekarun 1940, wasu masana halayyar ɗan Adam, Mamie Clark da mijinta Kenneth Clark, sun yi wani gwaji. Sukan ajiye wa yara baƙar fata, 'yan shekara 3 zuwa 7, 'yan tsana masu kama ɗaya, sai dai wasu farare, wasu baƙaƙe, su tambaye su wadda suka fi so. Mafi yawan yaran suka zaɓi farar. Wato tun kafin yaro ya iya karatu, an riga an koya masa raina launin jikinsa. Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikin Kenneth Clark a hukuncinta na 17 ga Mayu, 1954, wanda ya haramta raba makarantun gwamnati. To, amma zartar da hukuncin a wuyan yara ya faɗa.

3.0 Elizabeth Eckford

A 1957 aka zaɓi ɗalibai 9 baƙar fata, 6 daga cikinsu mata, su shiga babbar sakandaren garin Little Rock a jihar Arkansas. Ranar 4 ga Satumba, Gwamna Orval Faubus ya jibge dakarun jiha don su hana su shiga. An shirya ɗaliban su tafi tare, amma saƙon bai isa ga Elizabeth Eckford ba, domin babu tarho a gidansu. Saboda haka ta isa ita kaɗai, tana 'yar shekara 15. Dakaru suka tare ta, taron Turawa ya bi ta da zagi har inda ake jiran bas. Nan wani ɗan jarida, Benjamin Fine, ya zauna kusa da ita, ya ce mata kada ta bari su ga hawayenta.

Da kyakkyawar niyya ya faɗi haka, amma ita ce ƙa'idar da yaran suka rayu a kai shekara guda. Ko bayan Shugaba Eisenhower ya aiko da sojoji suka shigar da su a ƙarshen Satumba, duka da tofi da zagi ba su tsaya ba, an kuma gargaɗe su kada su rama. Minnijean Brown, wadda ta kasa daurewa ta mayar da martani, an kore ta a Fabrairu, 1958.

Hoton Elizabeth na wannan rana ya zaga duniya, aka yi ta yabon natsuwarta. Abin da hoton bai nuna ba shi ne shekarun da ta yi daga baya tana fama da matsanancin ƙuncin rai, har ta daɗe ba ta iya aiki. Likitoci suka tabbatar tana da ciwon firgici, irin wanda kan kama sojan da ya dawo daga yaƙi. A 1999 ne aka ba ɗaliban tara lambar zinariya ta Majalisar Dokokin Amurka, shekara 42 bayan aukuwar abin.

4.0 Ruby Bridges

Ranar 14 ga Nuwamba, 1960, Ruby Bridges, 'yar shekara 6, ta shiga firamaren William Frantz a New Orleans, jami'an gwamnatin tarayya na yi mata rakiya. Iyaye Turawa suka kwashe 'ya'yansu. Wata mata ta yi barazanar sa mata guba, wata kuma ta ɗaga 'yar tsana baƙa cikin akwatin gawa. Ruby ba ta yi kuka a bainar jama'a ba, amma ta riƙa mugayen mafarkai, ta kuma daina cin abincin da take zuwa da shi makaranta, tana ɓoye shi.

Bambancinta da Elizabeth shi ne ta sami masu saurare. Malamarta, Barbara Henry, ta koyar da ita ita kaɗai shekara guda, ta kuma riƙa zama da ita lokacin cin abinci. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara, Robert Coles, yakan ziyarce ta a kai a kai, ya bar ta ta yi zane, ta faɗi abin da ke ranta.

5.0 Abin da Masana Suka Gano

A 1992, Arline Geronimus ta kawo ra'ayin da za a iya kira "zaizaya." Ta nuna cewa lafiyar matan baƙar fata a Amurka kan fara raguwa tun suna da ƙuruciya, saboda tarin damuwar wariya da talauci, kamar yadda ruwan sama kan ci katangar ƙasa sannu a hankali. A 2010 kuma, Cheryl Woods-Giscombé ta bayyana yadda ake tarbiyyar waɗannan mata a kan lallai su nuna ƙarfi, su danne abin da ke ransu, su ɗauki nauyin kowa, kada su nemi taimako. Ta gano cewa wannan hali yakan taimaka musu wajen tsira da mutuncinsu, amma kuma yakan sa su yi sakaci da lafiyarsu, ya hana su barci. A nan nauyi biyu ne a kan yarinya: ana wulaƙanta ta don launinta, ana kuma sa ran ta daure don ita mace ce.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa doka tana iya buɗe ƙofar makaranta a rana ɗaya, amma ciwon da aka ji a bakin ƙofar yakan ɗauki shekaru. Za a kuma ga cewa shirun yarinya ba shaida ba ne cewa lafiya take. Rashin ci, rashin barci, da janye jiki daga mutane, duk alamu ne da ya kamata iyaye da malamai su lura da su. Haƙurin waɗannan yara ya cancanci yabo, amma laifi yana kan waɗanda suka tilasta musu yinsa. Wanda kuwa ya ce wa yarinya ta yi haƙuri, haƙƙi ne a kansa ya zauna ya ji abin da take haƙuri da shi, ya kuma tashi ya kawar mata da shi.