Gudu Mai Nisa da Ƙofar Ƙarfe a Hanji: Darasi Daga Jikin Ƴan Tsere

Likitocin da ke kula da ƴan tseren dogon zango sun daɗe suna mamakin abu guda. Ga matashiya mai cin abinci mai kyau, nama da ƙwai ba su yanke mata ba, ba ta da tsutsar ciki, amma in aka auna jininta sai a tarar da ajiyar sinadarin ƙarfe ta yi ƙasa. Gudunta ya ragu, numfashinta ya gajarta. Ina ƙarfen da take ci yake tafiya? Amsar da aka gano tana da amfani ga iyaye mata da masu faɗakarwa na garuruwanmu, ko da ba mu taɓa shiga tsere ba.

Ƙarfen da muke nufi shi ne sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda ke ɗaukar iskar da muka shaƙa daga huhu ya kai ta ga tsoka da ƙwaƙwalwa. Duk jikin babban mutum bai ƙunshi fiye da giram 3 zuwa 4 ba. Abin da hanji ke tsotsa daga abinci a yini kuwa miligiram 1 zuwa 2 ne kacal, sauran ya wuce. Jiki ba shi da hanyar zubar da ƙarfe in ya yi yawa, saboda haka a bakin shiga yake tsaron sa.

Mai tsere yana asarar ƙarfe ta hanyoyi da dama: kaɗan a gumi, kaɗan a fitsari, wani lokaci ɗan jini a hanji wanda ido ba ya gani. Dukan ƙasa da tafin ƙafa ke yi sau dubbai yana fasa wasu ƙwayoyin jini. Mace kuma ga jinin al'ada a kan wannan. An daɗe da sanin duka waɗannan, amma ba su cike lissafin ba.

Abin da ya cike shi an gano shi ne a tsakanin 2000 da 2001: wani sinadari da hanta ke fitarwa, ana ce masa hefsidin. Shi ne mai gadin ƙofa. In ya yi kaɗan a jini, ƙofar hanji a buɗe take, ƙarfe yana shiga. In ya yi yawa, sai ƙofar ta rufe. Har ƙarfen da saifa ta tattaro daga tsofaffin ƙwayoyin jini don a sake aiki da shi, shi ma sai a kulle shi a rumbu. Hikimar haka ita ce ƙwayoyin cuta ma ƙarfe suke nema don su hayayyafa. Da jiki ya ji alamar cuta, sai ya ɓoye musu shi.

To, gudu mai tsawo yana kama da cuta a wajen hanta. Tsokar da ta daɗe tana aiki tana sakin wani sinadari irin wanda ake samu lokacin kumburi, hanta kuma ta amsa da ƙara hefsidin. Sai dai ba nan take ba. Binciken da Peter Peeling da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Ostareliya ya nuna cewa hefsidin yana kai ƙololuwa awa 3 zuwa 6 bayan an gama gudu. Ke nan wanda ya yi gudu da hantsi, ya zauna cin babban abincinsa da azahar, ya ci ne daidai lokacin da ƙofa ta fi rufewa. Banda wannan, ko ba a yi gudu ba, hefsidin yana ƙasa da safe, yana hawa yayin da rana ke yi. A 2019 masu binciken suka sa ƴan tsere gudun minti 90, wata rana da safe, wata rana da yamma. Ƙarfen da ya fi shiga jiki shi ne na karin kumallon da aka ci jim kaɗan bayan gudun safe, kafin mai gadi ya farka.

Akwai rangwame guda. Wanda ajiyarsa ta riga ta ƙare sosai, hantarsa ba ta cika rufe ƙofa bayan gudu ba, don jiki ya san yana cikin buƙata. Wadda abin ya fi cutarwa ita ce mai ajiya rabi da rabi, wadda a ido lafiyarta ƙalau, amma rumbunta yana zurarewa a hankali.

A jikin ƴan tsere aka yi waɗannan awo, kuma daka ba tsere ba ne. Kada mai faɗakarwa ya je ya ce wa mata aiki ne ke shanye musu jini. Amma hanta iri ɗaya ce, kuma muna da samari masu ƙwallo, da ƴan kokowa masu gudun asuba kafin gasar takobi, da ƴan mata masu tafiyar kilomita da yawa zuwa makaranta ko rijiya. Muna kuma da abin da ya fi gudu rufe ƙofar nan nesa ba kusa ba, wato masassarar cizon sauro. A ƙasar Benin, a 2010, an auna mata masu ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da jikinsu ya yi zafi ba, aka ga suna tsotsar ƙarfe kaɗan daga kunun dawa. Da aka ba su magani, tsotsar ta ƙaru. A damina, lokacin da noma da sauro da ƙarancin hatsi suka haɗu, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Gidan sauro da maganin masassara suna cikin maganin ƙarancin jini.

Abin da za ku ɗauka zuwa gida-gida, a ganina, lokaci ne. In akwai hanta, ko kifi, ko ɗan nama, ko wake, ko zogale, a yi ƙoƙari rabon mai ciki da na budurwa ya faɗo da safe, maimakon a tara komai sai dare. Ƙarfen nama da kifi ya fi saurin shiga. Na hatsi da wake da ganye yana da nawa, amma lemun tsami, tumatir ɗanye, gwaba ko mangwaro suna taimaka masa, haka ma jiƙa hatsi ya kwana ko barin ƙullu ya yi tsami. Shayi kuwa, duk da son da muke yi masa, yana ɗaure ƙarfen tun cikin ciki. A bar aƙalla awa guda tsakaninsa da abinci, kuma kada a haɗiye ƙwayar ƙarin jini da shi.

Mai ciki ta ci gaba da shan ƙwayarta kullum kamar yadda aka umurce ta a wurin awo; in ba ta tayar mata da zuciya, safiya ta fi. Samari kada su sayi ƙwayar a kasuwa don neman ƙarfi, domin ƙarfen da ya wuce kima ba ya fita. Wanda kuka ga tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, yana haki a ɗan aiki ko jiri na ɗibarsa, ku tura shi likita a auna jininsa, a kuma duba masassara a rana guda.